Karan Ɗan Fari

Ranar da motar wata ƙungiya ta zo kwasar matan kango zuwa taro a cikin Gusau, Kulu ta so ta noƙe, don tana da surfen mutane a turmi. Maƙwabciyarta Zuwaira ta ce ai taron nasu ne, za a nuna wa manya yawan mutanen da aka kashe a ƙauyuka, kuma ana raba shinkafa a leda. Kulu ta jawo mayafi. Ba shinkafar ce ta ja ta ba, ko da yake ba za mu yi mata ƙarya mu ce ba ta ci ba. So take ta gani ko ɗanta yana cikin lissafin.

Tana da dalilin shakka. Can baya, ba da daɗewa da gudowarsu daga Gawo Biyu ba, wani ma'aikacin ƙungiyar ya zo kangon da suke zaune a bayan gari, yana bin mata ɗaya ɗaya yana tambayar waɗanda suka rasa. Kulu ta ba shi sunan Sabiru, ƙanen mijinta. Ta ba shi sunan Sadiya, matar ɗanta. Daga nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Da wancan."

Mutumin ya ce, "Wa?"

Ta ce, "Wancan dai."

Ya ɗan jira, bakinta bai buɗe ba, ga mata cike da tabarma suna jiransa, sai ya wuce gaba. Ba mugunta ya yi ba. Na'urar da ke hannunsa ba ta karɓar mutum sai da sunansa da na ubansa.

To, wancan ɗin ɗanta ne na fari, kuma a Gawo Biyu macen da ta san ciwon kanta ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kama na miji. Tun yana ɗan yaye kakarsa ta ɗauke shi. Ya girma a tsakar gida ɗaya da Kulu, ya yi gemu, ya yi aure, ba ta taɓa kiransa ba. In tana son ya sare mata itace sai ta ce wa iska, "Gidan nan dai ba maza." Shi kuma sai ya ɗauki gatari yana murmushi. Tana son sa fiye da ranta, duk ƙauyen sun sani, kuma da wani ya faɗa a gabanta da ta tashi ta bar wurin. Uban ya riga ya rasu da ciwon ciki tun ana zaman lafiya. Ɗan kuwa a bakin rumbu masu babura suka harbe shi, ranar da aka ƙone garin.

Ɗakin taron sanyi ƙalau, har Kulu ta cusa hannuwa cikin mayafi. Manya suna gaba da manyan riguna da robobin ruwa, matan kango suna can baya. Wata matashiya mai tabarau, Jamila, ita ce mai haɗa alƙaluman ƙungiyar, ta tsaya gefen wani farin allo tana danna wani abu a hannunta.

Da farko taswira ta fito, an yayyafa mata jajayen ɗigo manya da ƙanana. Sannan wata da'ira da aka yayyanka kamar kankana, kowane yanki da launinsa. Zuwaira ta taɓa makaranta kaɗan, ita ke raɗa wa Kulu: wannan yankin Tsafe ne, wancan Bungudu, wancan na wajen Gusau. Kulu ta ce ina Gawo Biyu? Zuwaira ta ƙura ido ta ƙura ido, ta ce akwai wani siririn yanki mai ruwan toka, an rubuta masa sauran ƙauyuka, wataƙila suna ciki. Kulu ta dubi yankin. Bai kai faɗin ɗan yatsanta ba.

Daga ƙarshe aka nuna wani jan layi. Ya hau, ya hau, ya yi tsini, sannan ya gangaro. Da ganin gangarowar sai manya suka gyara zama, wani ya ce alhamdu lillahi, aka ɗauki tafi. Kulu ba ta tafa ba. Ita dai ta san daga Gawo Biyu har tungayen da ke bayansu babu ko kaza yanzu. Wa ya rage da za a kashe?

Jamila ba ta yi murmushi ba. Ta jira tafin ya lafa ta ce, "Ranku ya daɗe, ni na zana layin nan, kuma ba ƙarya a cikinsa. Amma ya sauko ne har da cewa ƙauyuka da yawa sun tashi. Na yi kuskure da na nuna shi haka." Ta ce a wasu ƙasashen da masu mulki suka karkashe jama'arsu, an daɗe ana faɗin adadi mutane suna gyaɗa kai suna wucewa, sai da aka tara takalman mamatan wuri ɗaya kafin masu kallo su kasa tsayuwa da ƙafafunsu. Ta ce saboda haka bayan girbi za su kafa kara ɗaya a madadin kowane mutum ɗaya, a wata gona gindin dutsen Kwatarkwashi, kowa ya zo ya gani da idonsa. Rabin maganarta ƙarar cokula ta cinye, don an riga an shigo da abinci.

Da aka watse Kulu ta kutsa har ta kama gefen gyalen Jamila.

"Ɗiyata, akwai wanda ba a sa ba."

"Sannu Inna. Mene ne sunansa?"

Kulu ta dubi ƙasa. Jamila 'yar Gusau ce, kakarta ma haka take, nan take ta gane. Ana ta kiranta daga ƙofa, ga mota na jira. Ta ce, "Na fari ne ko? Kada ki damu. Ranar da za a kafa karan za mu aje tebur saboda waɗanda aka tsallake. Ki zo da wani ɗan garinku ya faɗa a madadinki, da sunansa da na mahaifinsa. Amma ki zo da wuri, da la'asar za mu rufe, kin san halin hanya."

Wani ɗan garinku. Faɗi da baki ba wuya. Mutanen Gawo Biyu sun watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki, wasu Funtuwa, wasu Kano, wasu ba a san inda suka faɗa ba. A kangon nan Kulu ce kaɗai daga can. Zuwaira kanta daga wani gefen ta fito, ba ta taɓa ganin yaron ba. Sai da Kulu ta yi ta cigiya a bakin masu kawo gawayi kafin wani ya ce mata ya ga Kabiru mai shayi, abokin ɗanta tun suna kiwon awaki, yana da tebur kusa da tashar Tsafe.

Ta tafi Tsafe ranar kasuwa, a bayan motar da ta ɗauko buhunan gero. Duk inda aka zo kwana mai duhuwar itatuwa sai hira ta mutu, direba ya taka mota, kowa ya kama salati a ciki. Sun isa lafiya. Ta sami teburin, ta sami tukunyar shayin tana tafasa, amma wani baƙon mutum ne a bayanta. Ya ce Kabiru ya sayar masa da wurin tun kafin azumi, ya bi masu haƙar zinari, kuma tun da ya tafi ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ya zuba mata shayi bai karɓi komai ba. Ta zauna a bencin ta sha, hawaye na gangarowa cikin kofin, tana jin haushin Kabiru, tana jin haushin kanta, tana jin haushin wanda ya fara ƙirƙiro kunya a duniya. Sannan ta nemi motar komawa.

Ranar kafa karan ta zo. Manoman Kwatarkwashi da Rawayya da Bungudu sun yi ta kawo karan dawa a amalanke da bayan jakuna, kyauta, bayan sun gama yankan zangarniya. An sassare shi daidai ƙirjin mutum. An ɗan yi gardama tun farko, wasu suka ce wannan ai gina wa matattu alama ne. Limamin wajen ya ce shi bai ga kabari a nan ba, ƙidaya ya gani, kuma in an gama a tattara karan a kai wa mata su yi girki. Magana ta ƙare.

Motar matan kango ta iso da hantsi. Daga bakin hanya Kulu ba ta ga wani abin a zo a gani ba. Kara ne dai a tsaye, irin wanda ta girma a cikinsa, layin gaba ya tare na baya. Ga tebur a ƙarƙashin wata tsamiya, Jamila na zaune da kwamfutarta, gefenta tulin karan da ba a kafa ba tukuna. Mutane sun yi layi. Kowa ya zo ya faɗi suna, a duba ko an riga an sa, in ba a sa ba a miƙa masa kara ya shiga gona ya kafa.

Kulu ta shiga layin. Da ya rage mutum biyu a gabanta sai ta fice, kamar ta tuna wani abu. Ta zaga cikin taron tana leƙen fuskoki ko Allah zai jefo mata ɗan Gawo Biyu. Ta ga mai kama da wani, ta bi shi har wajen masu sayar da rake, ya juyo, ba shi ba ne. Ta koma layi. Ta sake ficewa. Zuwaira ta ce, "Ke Kulu, yau kuma rawar mi kike yi?"

Bayan azahar sai ta ga mutane suna hawa gefen dutsen, suna tsayawa a kan wani falalen da ya yi baranda, kuma duk wanda ya hau ba ya saukowa da wuri. Ta tattare zane ta bi su, tana dafa gwiwa, tana hutawa. Da ta kai ta juyo.

Gonar ta tafi, ta tafi, ta wuce inda take zaton iyakarta, ta gangara wani kwari ta sake ɓullowa a ƙetare, kuma ko'ina kara ne a tsaye, sahu bayan sahu, kowane da 'yar inuwarsa a gefe. Mutanen da ke yawo a ciki sun zama 'yan ƙanana. Ta taɓa ganin sallar idi a Gusau ta ce ba ta taɓa ganin taro irinsa ba. Wannan ya shanye shi. Ta yi ƙoƙarin ta ɗauki sahu ɗaya ta ce wannan gidan wane ne, wannan gidan wane, kafin ta kai tsakiya mutanen da ta sani a duniya sun ƙare, sahun bai ƙare ba. Iska ta taso daga kwarin ta ratsa busassun ganyen da suka rage a jikin karan, gonar gaba ɗaya ta ɗauki wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama ta, irin tsoron da ke kama mutum in ya tuna tsayuwar gobe kiyama, ta ji bakinta yana cewa Allahu akbar ba tare da ta sa shi ba.

A kan falalen ba mai magana. Wani mai babbar riga, cikin waɗanda suka yi tafi a ɗakin taro, yana tsaye ya cire hula ya riƙe a hannu, ya manta da ita. Wayarsa tana ta ruri a aljihu bai ɗauka ba.

Kusa da Kulu wata dattijuwa ce zaune, siririya, da zane baƙi da tsagar Fulani a gefen baki. Da a Gusau ne da Kulu ta matsa gefe, don tun ranar Gawo Biyu ba ta son haɗa inuwa da mutanen ruga. Yau kuwa sai ta zauna inda take. Matar ta gaishe ta da Hausar da ta ɗan karkace, ta ce sunanta Hadiza, daga wata ruga ta bayan Tsafe.

Kulu ta ce, "Ku ma kuna da mutane ciki?"

"Uku. 'Yan sa-kai sunka tare su kan hanyar kasuwa. Ko saniya ba su taɓa ɗaukar ma kowa ba."

"Wane gefe ne naku?"

Hadiza ta miƙa hannu, ta yi yawo da shi a iska, ta sauke. "Da hannuna na kafa su ɗazu. Na sa ido ga wurin don in gane shi. Da na hau nan na duba, wallahi ban san ko wane ne ba. Duk iri ɗaya ne."

Kulu ta sake duban gonar. Gaskiya ne, babu ja babu ruwan toka, babu yankin kowa. Ta nemi haushin da ta saba ji ta rasa inda ta aje shi. Ta ce, "Wa ya faɗi sunayen a madadinki?"

"Ƙanen maigidana. Ni ina zan iya?" Ta dubi Kulu da kyau. "Ke fa?"

"Ba ni da kowa."

Hadiza ta gyaɗa kai. Ta san abin da ake nufi, ba sai an yi mata fassara ba.

Nan Kulu ta ga abin da ba ta gani ba a ɗakin sanyi. A can da an sa ɗanta da ba a sa ba, jan layin nan ba zai motsa ba, ba wanda zai san bambanci. A nan kuwa kowa yana da wurin tsayuwarsa, da ɗan tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Sabiru yana nan wani wuri. Sadiya tana nan, ba mijinta a gefenta. Duk jama'ar nan sun hallara, shi kaɗai aka bari a waje, kuma ba masu babura ne suka bar shi ba. Ita ce.

Inuwar dutsen ta fara rufe sahun farko. Daga ƙasa ta hango ana naɗe tabarmi, direbobi suna buɗe ƙofofin mota. Wani ya fara gyaran murya zai kira la'asar.

Ta sauko da sauri fiye da yadda gwiwoyinta suka yarda, Hadiza na biye da ita tana riƙe mata hannu a wuraren santsi. Da suka iso gindin tsamiya layi ya ƙare. Jamila tana naɗe wayar kwamfuta, idanunta sun yi ja, da alama ita ma yinin bai bar ta haka ba. Ta ɗago ta gane Kulu.

"Inna, kin samo shi?"

"Ban samu ba."

Jamila ta sake buɗe kwamfutar. Ta rage murya ta ce, "To ga dabara. Zan riƙa jero sunaye, in na zo kan nasa ki gyaɗa kai kawai. Haka muke yi da kakata. Muhammadu? Abubakar? Usmanu? Bello?"

Kulu tana jin sunayen 'ya'yan wasu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Hanya ce mai sauƙi, ba wanda zai zarge ta, gobe ma ta ɗaga kai a cikin mata. Amma sai ta ji abin ya yi mata kama da cigiyar ɓatacciyar akuya, a yi ta kwatance har a dace. Yaron da ya yi shekara da shekaru yana amsa kiran da ba a yi masa ba, yau ma a lalubo shi a bakin wata?

Ta ɗaga hannu. "Bari, ɗiyata."

Kulu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Yahaya," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, baƙo a harshenta, ita kanta ba ta san haka yake da daɗin faɗi ba. Ta ɗan tsaya kamar mai sauraron a amsa.

"Yahaya wa, Inna?" Jamila ta tambaya a hankali.

"Yahaya Dalhatu. Na Gawo Biyu. Ɗana ne, ni na haife shi."

Hadiza ta riga ta juya baya tana kallon dutse, tana gyara ɗaurin kallabinta, kamar ba ta ji komai ba. Jamila ta rubuta, ta share ido da bakin gyale, ta tashi da kanta ta zaɓo kara mai kauri daga cikin 'yan da suka rage, ta miƙa da hannu biyu.

Kulu ta karɓa ta shiga gonar. Karan ya kewaye ta ta ko'ina, hayaniyar motoci ta koma nesa. Ta bi sahun ƙarshe har inda ya tsaya. Ƙasar ta bushe, ta ƙi karɓa. Ta durƙusa ta tona da yatsu, ta kafa, ta tara ƙasa a gindinsa ta danna da tafin hannu, ta girgiza shi ta ga ya zauna. Zuwaira tana can bakin hanya tana kwaɗa mata kira, mota za ta tashi.

Ba ta tashi nan da nan ba. Ta riƙe karan, ta dubi hagu da dama, ba kowa kusa.

"Yahaya," ta sake cewa, a wannan karon da muryar da uwa ke kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. "Yahaya, ni ce."